Martani A Kan Hukuncin Ƙarafa Masu Guba Idan Sun Haɗu A Jiki Ɗaya

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya buga kwanakin baya game da haƙar zinariya da gubar ƙarafa, na kuwa karanta ta da natsuwa, domin mai ita mutum ne da ba a san shi da wasa da alƙalami ba, kuma mas'alar da ya taɓo ta rataya ne a kan rayukan yara ƙanana waɗanda ba su da bakin kāre kansu a jarida. Abin da ya tafi a kai shi ne cewa musibar da ta auka wa ƙasar Zamfara a 2010 musibar dalma ce ita kaɗai, an gano ta, an kwashe ƙasar da ta gurɓata, an ba yara magani. Sauran ƙarafan da ake ta ambata kuwa, wato zaiba da arsanik da kadmiyam da manganis, in an auna kowannensu a ruwan rijiya ko a ganyen lambu, galibi akan tarar bai kai haddin da hukumomin lafiya suka yanka ba. Saboda haka, in ji shi, ci gaba da tsorata talaka da sunayen ƙarafan da bai taɓa ji ba zalunci ne, kuma hanya ce ta raba shi da abincin bakinsa. Ya kafa hujja da tsohuwar ƙa'idar masana magunguna cewa yawan abu shi ke mai da shi guba, ya kuma tunatar da mu cewa kakanninmu sun yi ta sa tozali har suka tsufa da idanunsu.

Adalci ya wajabta mini in fara da abin da ya faɗa daidai. Ƙa'idar da ya ambata ƙa'ida ce ingantacciya, babu mai ilmin da zai musa ta. Kuma tausayin da ya nuna wa mahaƙa tausayi ne a muhallinsa, gama mutumin da gonarsa ba ta kai shi ƙarshen rani, in ya sami dutsen da zai ciyar da iyalinsa, wa'azi kaɗai ba zai fitar da shi daga rami ba. Alƙaluman da ya kawo ma ban zo jayayya da su ba. Inda muka rabu da shi guri ɗaya ne, amma a kan gurin nan dukan gininsa ya tsaya: ya ɗauki hukuncin da aka yanke wa kowane ƙarfe yana shi kaɗai, ya ɗora shi a kan ƙarafan nan suna haɗe cikin cikin yaro guda, alhali kuwa ɗalibin usulu na farko ya san ƙiyasi ba ya inganta sai asali da reshe sun yi tarayya cikin illa, kuma in aka sami bambanci mai tasiri a tsakaninsu ƙiyasin ya rushe.

Bari mu fara da Zamfara, tun da da ita ya buɗe. Gaskiya ne a watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fita bin sawun cutar sanƙarau, suka tarar yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Gaskiya ne an ƙiyasta waɗanda suka rasu da kimanin yara 400, har binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Kuma gaskiya ne dalma ce ta kashe su, babu shubuha a wannan. To, amma masana duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da suka auna dutsen da ƙurar gidajen suka buga sakamakonsu a 2013, ba su tsaya a kan dalma ba: sun bayyana cewa zaiba da arsanik da manganis da antimoni da ƙurar tsakuwa mai cin huhu duk suna cikin abin da mutanen suke shaƙa suna haɗiya. Dalma ta yi kisa da gaggawa har ta rufe sunan sauran, kuma wannan ne ya sa malaminmu, da mutane da yawa irinsa, suka zaci ita kaɗai ta zo.

Duk wanda ya san yadda ake fitar da zinariya a irin waɗannan ƙauyuka ba ya bukatar ɗakin awo kafin ya gane haka. Ana fasa dutse da guduma, a zuba a injin niƙa, irin wanda ake niƙa dawa da shi, ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma da randa da shanyar gari. A wanke garin dutsen da ruwa har nauyayan ƙwayoyi su kwanta a gindin kwano. Sa'an nan a ɗiga zaiba, a murza ta da tafin hannu tsirara har ta haɗiye ƙurar zinariyar, a matse a ƙyalle, ɗan dunƙulen da ya rage a ɗora shi kan wuta. Zaibar takan tashi ta bi iska ba launi ba wari, zinariya ta zauna. Yaron da ke rarrafe a tsakar gidan nan, yana dafa ƙasa yana kai hannu baki, ya haɗiyi dalma da arsanik da manganis daga ƙurar, ya shaƙi zaiba daga tururin, duk a wuni ɗaya, kuma jininsa ba shi da hanyar da zai ware su ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka jera su a takardar awo.

Yanzu sai mu dubi haddin da malam ya dogara a kai, mu ga mene ne haƙiƙarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa ruwan sha mikrogiram 10 na dalma a kowace lita, 10 na arsanik, 3 na kadmiyam, 6 na zaiba. Kowanne daga cikin waɗannan an fitar da shi ne daga nazarin ƙarfen shi kaɗai. Har ila yau hukumar da kanta ta bayyana cewa haddin dalma da na arsanik na wucin gadi ne, an tsayar da su a nan saboda iyakar abin da na'urorin tace ruwa da na awo suke iya cim ma, kuma ta faɗa a sarari cewa ba a san wani gwargwado na dalma da ba ya cutarwa ba. Tarihin haddin dalma a jinin yara a Amurka ya ishi mai hankali ishara: a shekarun 1960 ana ganin sai ya haura mikrogiram 60 a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita ya zama abin damuwa, a 1985 aka sauko 25, a 1991 aka sauko 10, a 2012 aka koma 5, a 2021 aka koma 3.5. Dalma ba ta ƙara dafi cikin waɗannan shekaru ba. Ilmi ne ya yi ta riskar cutar da da can take ɓoye a ƙarƙashin haddin da aka ɗauka aminci ne.

Ko da mun sallama cewa kowane haddi daidai yake, akwai hisabi mai sauƙi da malam ya tsallake. A ƙaddara rijiya wadda dalmar cikinta 5 ce, wato rabin haddi. Kadmiyam 1, wato sulusi. Zaiba ɗaya da rabi, wato rubu'i. A mizanin malaminmu ruwan nan ya kuɓuta sau uku. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin fara'ili ya san rabi da sulusi da rubu'i in an tara su sun zarce dukiyar da ake rabawa, kuma ƙarafan nan uku duka ƙoda suke nufa. Wannan hisabi ba ni na ƙaga shi ba: hukumar kāre muhalli ta Amurka ta sa shi cikin ƙa'idojinta na auna haɗarin gaurayayyun sinadarai tun 1986, a raba kowane sinadari da haddinsa, a tara waɗanda ke cutar da gaɓa ɗaya, in jimla ta wuce ɗaya a ɗauka akwai abin dubawa.

Dalilin da ya sa tarawar ta zama wajiba yana cikin ƙwayar halitta kanta, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan jima, domin a nan mas'alar take. Allah Maɗaukakin Sarki ya gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, ya kuma sanya ayyukansu a hannun wasu sinadarai masu gaggauta aiki, waɗanda da yawansu suna da wani ɗan reshe mai ɗauke da farar wuta, kuma da wannan reshe suke kama abin da za su sarrafa. Dalma da zaiba da kadmiyam da arsanik, duk da bambancin da ke tsakaninsu, sun yi tarayya a ɗabi'a guda, ita ce tsananin kwaɗayin farar wuta. Inda duk suka same ta sai su manne, sinadarin da aka manne wa kuwa ya daina aiki. Don kāre kanta daga wannan, ƙwayar tana ajiye wani ƙaramin sinadari mai suna gulutatayon, shi ma mai farar wuta, wanda ke tare ƙarfen ya ɗaure shi a fitar da shi, kuma shi ne dai ke kashe gurɓatattun ɓurɓushin iskar shaƙa da ke fitowa yayin da ƙwayar ke ƙona abinci don samun ƙarfi. Abin lura shi ne babu gulutatayon na dalma daban da na zaiba daban. Rumbu ɗaya ne a gidan, kuma baƙo huɗu da suka sauka tare daga cikinsa za a ciyar da su duka, ko da kowannensu ya rantse cewa shi cinsa kaɗan ne. In ajiyar ta yi ƙasa, ɓurɓushin nan sukan yi yawa, su ci fatar ƙwayar, su raunana ɗakunan da ke samar mata da ƙarfi, su karya zaren gado da ke cibiyarta. In ɓarnar ta kai wani matsayi ƙwayar ta kashe kanta, in kuwa ba ta kai ba ta rayu da naƙasa.

Bayan wannan tarayya, kowane ƙarfe yana da tasa ɓarnar ta musamman, kuma mafi muni shi ne yadda ɓarnar wani take buɗe wa ta wani hanya. Dalma takan shiga a matsayin kalsiyam ta rikita saƙon da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna, takan kuma ture tutiya daga sinadarin da ke fara ginin jan jini, shi ya sa yaron da ta kama yakan yi fari fat. Zaiba takan kama sinadaran da ke ɗauke da saleniyam, waɗanda su ma aikinsu kashe gurɓatattun ɓurɓushin nan ne, ta haka ta toshe mafita ta biyu bayan an cinye ta farko. Arsanik yakan tsai da sinadarin da ke shigar da sukari cikin ɗakin ƙarfi. Sa'an nan ƙwayar tana da masu gyaran zaren gado in ya karye, da yawansu kuwa da tutiya suke riƙe siffarsu, kuma an tabbatar arsanik da kadmiyam suna ture tutiyar su hana gyaran. Sai mai karatu ya haɗa waɗannan biyu a zuciyarsa: wani ƙarfe yana yawaita karaya, wani yana hana ɗori, a ƙwaya ɗaya, a lokaci ɗaya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa arsanik da kadmiyam a ajin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, kuma hana gyaran nan yana daga cikin manyan sabubban.

Akwai kuma mas'alar ƙofa, wadda ita ce ta fi taɓa ni, domin ta fi shafar 'ya'yanmu. A bangon hanji akwai wata kafa da aka halitta don ɗaukar sinadarin baƙin ƙarfe da jini ke bukata daga abinci. In jiki ya rasa shi sai ya ƙara yawan kafofin nan don kada ko kaɗan ya wuce. Amma kafar ba ta tantancewa sosai, ta nan kadmiyam da manganis da dalma suke bi. Ma'anar wannan ita ce yaron da ke da ƙarancin jini, da mace mai ciki ko mai goyo wadda ba ta samun nama da wake da ganye yadda ya kamata, jikinsu da kansa yake buɗe wa guba ƙofa fiye da jikin ƙosasshe. Ko ba tare da yunwa ba, an san ƙaramin yaro yakan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar a kan babba. Japanawa sun ga wannan da idonsu a lardin Toyama, inda kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa: kowa ya ci shinkafar, amma cutar da ta lalata ƙoda ta tausasa ƙashi, wadda gwamnatinsu ta amince da sababinta a 1968, galibi matan da suka manyanta bayan haihuwa da yawa ta kama. To, talakan da malam yake kārewa shi ne ainihin mutumin da haddin ya fi gazawa a kansa.

Mai yiwuwa malam ya ce wannan duk bayani ne na ɗakin gwaji, ina shaida a jikin mutane? Akwai ta. Binciken da aka bi yaran birnin Meksiko da shi tun suna jarirai, aka buga a 2012, ya nuna cutarwar dalma ga bunƙasar hankali ta fi tsanani a yaran da manganis ya yi yawa a jininsu. A Bangaladash, inda rijiyoyin burtsatse suka fito da arsanik da manganis tare, an bi yara tun daga ciki, aka ga alamar cewa arsanik yana ƙara wa manganis dafi. Hukumar kula da abubuwa masu guba ta Amurka ta keɓe littafi guda a 2004 don haɗuwar arsanik da kadmiyam da kuromiyam da dalma kaɗai, saboda yawan samunsu tare a gurɓatattun wurare.

Insafi ya sa in ƙara da cewa haɗuwa ba kullum take ƙara sharri ba. Saleniyam yakan rage dafin zaiba, tutiya takan rage na kadmiyam, kuma akwai gwaje-gwajen da aka ga wani ƙarfe mai guba ya rage shigar wani saboda suna takara a ƙofa ɗaya. Na ambaci wannan ne don kada a ce na ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba, amma ba ya taimakon malaminmu da kome, gama abin da yake tabbatarwa shi ne cewa hukuncin haɗaɗɗe ba a cire shi daga hukuncin ɗaiɗaiku, wanda kuwa shi ne dukan da'awata. Kuma inda abu ya yi ta kai da kawo tsakanin ƙaruwa da raguwa, alhali abin da ke kan mizani rai ne da hankali da zuriya, waɗanda malamanmu suka lissafa cikin larurorin da shari'a ta zo don tsarewa, ɓangaren ihtiyaɗi shi ne ya cancanci a bi har hujja ta bayyana.

Batun tozali ba zai ɗauke mu da nisa ba. Baƙin dutsen da ake niƙawa a yi tozali dalma ce haɗe da farar wuta, kuma a wannan siffa ba ta narkewa a ciki da sauƙi kamar dalmar dutsen Zamfara, wadda ruwa da iska suka riga suka sauya ta zuwa siffar da ruwan ciki ke narkarwa nan da nan. Wannan ne ya sa ba a cika ganin tozali yana kisa a fili ba. Duk da haka a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma ta hau a jininsa, aka bi sawu aka tarar tozalin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Kakar da ta tsufa da idanunta kuwa ba ta haɗa tozalinta da man bilicin mai zaiba ba, ba ta dafa tuwo a tukunyar da aka zuba daga tarkacen inji ba, ba ta ci ganyen da aka shayar da ruwan da ya biyo ta masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ba. Jikarta tana iya haɗa duka huɗun a rana ɗaya. Magabatan likitocin Musulunci ma ba su yi sakaci da irin wannan ba. An ruwaito cewa Abubakar Arrazi ya shayar da biri zaiba don ya ga aikinta kafin ya yi hukunci a kanta ga mutane.

Saura maganar cewa an yi magani an gama. Maganin da aka ba yaran Zamfara, wanda ke ɗaure dalma ya fitar da ita ta fitsari, ya ceci rayuka masu yawa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin. Amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, ba ya kuma fitar da kadmiyam daga ƙoda, inda rabinsa kan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin ya fita. Dalmar da ta shiga ƙashi takan zauna shekaru masu yawa, kuma idan mace ta ɗauki ciki jiki ya fara ciro kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, dalmar takan fito tare da shi ta ratsa mabiyiya. 'Yan matan da suke rarrafe a ƙauyukan Dareta da Bagega a 2010 yanzu sun kai munzalin aure, ko suna dab da shi. Kuma abin bai tsaya a Zamfara ba, gama a 2015 ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ina tare da malam a kan cewa kada a kori talaka daga sana'arsa da tsoratarwa, kuma babu abin da na kawo a nan da ke bukatar haka. Abin da hujjojin nan suke bukata ƙalilan ne kuma mai yiwuwa: a fitar da fasa dutse da niƙansa daga cikin gidaje, a jiƙa shi kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa, a ƙona dunƙulen zaiba cikin rufaffiyar tukunya mai bututu wadda ke mai da tururin ruwa a sake amfani da shi, wanda hakan ma riba ce ga mai shi, a kuma kula da ƙarancin jinin yara da mata masu ciki a garuruwan haƙa a matsayin wani ɓangare na rigakafin guba. Ga ma'aikatan lafiya kuwa, idan an ɗebi jinin yaro don neman dalma, a ɗebi fitsarinsa a nemi zaiba da arsanik da kadmiyam, idan kuma an auna rijiya, kada a sa hannu a takarda sai an tara kason kowane ƙarfe an ga inda jimlar ta tsaya. Ina roƙon malam, da girman alƙalaminsa, ya koma kan alƙaluman da ya buga, ya raba kowanne da haddinsa, ya tara na ƙoda daban da na ƙwaƙwalwa daban, ya buga mana abin da ya fito a shafin da ya buga maƙalarsa ta farko.